Barcin Yallaɓai

Aikin ƙarshe da Kafinta ya yi da ƙafarsa a duniya, kwantar da kunkuru ne.

Sanyi ya fara shigowa ke nan, bishiyar tsakar gida ta soma zubar da ganye. Shi kuwa lokacin numfashi ma da ƙyar yake ja, amma ya tashi, ya bi bango, ya ɗauko kunkurun daga gindin famfo ya kai shi ɗakin baya inda yake aiki. Akwai akwatin da ya ƙera masa tun yara suna ƙanana, na katako mai kyau, da 'yan huji a murfi saboda iska. Inna, matarsa, ta daɗe tana cewa duk gidan ba abin da aka zauna aka yi wa aiki kamar akwatin nan. Gadonta ma ƙafa ɗaya a kan bulo take. Ya zuba dusar katako, ya zuba busasshen ganye, ya sa kunkurun ya rufe. Sannan ya dubi Inna, tana tsaye bakin ƙofa da kofin maganinsa a hannu.

"Kada a ɗaga shi, kada a jijjiga shi. In sanyi ya wuce da kansa zai tashi."

"To. Ni fa?"

"Ke ai ba kya barci."

Wasiyyar ke nan. Washegari ya kwanta bai ƙara tashi ba, kafin bishiyar ta gama zubar da ganye an kai shi makwancinsa.

Kunkurun, Yallaɓai ake ce masa. Kafinta ne ya sa masa, wai don ba ya gaida kowa, sai dai a gaishe shi. Inna ba ta taɓa kama sunan ba, "wancan" take cewa, kuma da dalilinta. Ya cinye mata latas ɗin da ta shuka, ba sau ɗaya ba. Ya taɓa kwanciya a bakin kicin ta yi tuntuɓe da shi ta kife da tukunya, har yau gwiwar tana yi mata tuni in an yi sanyi. Inna kuwa ba ta mantuwa. Ta san wanda ya zo gaisuwa da ƙafarsa, ta san wanda ya aiko, ta san wadda ta ari babbar kula ranar rasuwa ta dawo da ita ba murfi. Ba ta faɗa, ajiyewa take yi. Haka nan in ka yi mata alheri, ba ta da sukuni sai ta rama.

Da mutane suka watse, sai Dogo ya zo da magana. Dogo shi ne babban ɗanta. Shi ya goya uban a baya ya kai shi mota, shi ya yi ta kwana a kujerar asibiti har wuyansa ya sanƙare. Matarsa kuma, Nas, ita ta riƙa yi wa tsohon allura tana juya shi a gado, ba ta taɓa yatsina fuska ba. Duk wannan Inna ta ajiye.

"Inna, mun gyara miki ɗaki."

"Ɗakin me?"

"Ɗakinki, a wurinmu. Ɗumi ne da shi, ko suwaita ba sai kin sa ba. Ga banɗaki a ciki. Nas har labule ta canza."

"A can saman bene kuke fa."

"Akwai lif, Inna."

"Ranar da na je ba ta aiki."

"An gyara."

"Gidan nan kuma?"

"A rufe shi, kafin a ga yadda za a yi."

Inna ta san "kafin a ga yadda za a yi". Gidan da ke kallon nasu da wannan maganar aka rufe shi, yanzu tayar mota ake sayarwa a falon. Ba ta son tafiya. Amma ta dubi wuyan yaron nan, har yanzu sai ya juya duk jikinsa yake waiwaye, ta ga ba ta da bakin ce masa a'a. Ta laluba ko'ina ta rasa abin kamawa, sai ta ji bakinta ya ce:

"Wancan fa?"

"Wa?"

"Na babanku. Ya ce kada a ɗaga shi, kada a jijjiga shi. Ni dai ba da ni za a karya maganar mamaci ba. Kuma ba a barin mai rai shi kaɗai a rufaffen gida."

Dogo ya dubi matarsa, matarsa ta dubi ƙasa.

"Inna, ke da ko sunansa ba kya faɗa."

"Ban ce ina sonsa ba. Na ce yana barci."

"Kin tabbata ma yana da rai? Baba ba shi da lafiya lokacin da ya sa shi."

Haka suka ɗunguma su uku zuwa ɗakin baya. Sanyin ɗakin har cikin haƙori. Zarto da guduma na nan rataye inda mai su ya bar su, ga wata kujera da ya fara bai gama ba, ƙafa uku. Dogo ya ɗaga murfi a hankali ya yaye ganye. Kunkuru dai ga shi, kai a ciki, ƙafa a ciki, ka ce kwano aka kife.

"Nas, duba mana."

"Ni fa na mutane na karanta."

"Duba dai."

Ta ciro abin sauraren ƙirji daga jaka ta ɗora a bayan kunkuru, ta kasa kunne.

"Me kika ji?"

"Abin da za ka ji in ka sa kunne a jikin tukunya."

"To ya mutu ke nan."

"Tukunya ba ta mutu ba ai," in ji Inna.

Nas ta ciro biro ta ɗan taɓa tafin ƙafar baya, wadda ta ɗan leƙo. Aka tsaya. Aka yi ta tsayuwa. Har Dogo ya buɗe baki zai yi magana, sai ƙafar ta ja ciki, sannu-sannu, kamar mai janye hannu daga kwanon da ba a gayyace shi ba.

Dogo ya mayar da murfi.

"Shi ke nan, Inna. Ki zauna. Amma ranar da ya farka, ranar za mu zo da mota. Kin yarda?"

"Allah ya kai mu."

A ranta ta ce kafin sanyi ya wuce Allah zai kawo wani dalilin.

Sanyi kuwa ya zauna da gindinsa. Famfon tsakar gida sai rana ta ɗaga yake yarda ya kawo ruwa. Wanki ba ya bushewa, sandarewa yake a kan igiya, ka sauke riga ta tsaya da kanta. Bishiya ta koma itace zalla. Titi ya yi tsit, mai gyaran keke na bakin layi yana rufewa da wuri, yara ba sa fitowa. A cikin gida babu tari, babu ƙarar zarto, babu mai cewa ina aka kai masa fensirinsa alhali yana bayan kunnensa. Inna ta kan dafa shayi ta ga ta zuba ruwan mutum biyu.

Kullum da safe sai ta je ɗakin baya ta ɗaga murfi ta leƙa. Dubiya ce ta mai tsaron dukiya, ba ta ƙauna ba: muddin wancan na barci, gida na hannunta. Ran nan dai sai ta kai hannu ta taɓa bayansa. Ta janye da sauri. Irin wannan sanyin sau ɗaya ta taɓa jin sa, a goshin Kafinta, safiyar da ta kai masa ruwa.

Ta koma kicin ta zauna. Ta yi lissafinta kamar yadda ta saba. Latas, ya ci. Gwiwa, ya karya mata ko kusa da haka. To amma yanzu wa ke riƙe mata da gida? Ba Dogo ba, ba 'yan'uwan Kafinta ba da suka zo suka ci suka tafi. Wancan ne, yana kwance cikin sanyi ko bargo babu, ita tana nan da hita mai ɗumama ɗaki a gindin ƙafa. In an ɗebe latas da gwiwa, har yanzu ita ake bi. Kuma Kafinta cewa ya yi kada a ɗaga, kada a jijjiga. Bai ce kada a lulluɓe ba.

Ta ɗauko tsohuwar suwaitarsa, mai hujin gwiwar hannu, ta lulluɓa wa akwatin. Washegari ta taɓa, sanyi na nan. Sai ta jawo hita daga ɗakinta ta kai ɗakin baya ta jona. To hita ɗaya ce a gidan, inda take nan mutum zai zauna. Ta kawo kujera, ta kawo butar shayi, ta tare a ɗakin. Nan take tsince-tsincenta, nan take gyangyaɗi. Har ta fara ba akwatin labari: wanda ya bugo waya, wanda bai bugo ba, yadda mai burodi ya rage girman burodi yana zaton ba a lura ba.

Uwar Tagwaye, maƙwabciyarta, ita ce mai murfin kula, ta shigo ta same ta a haka.

"Innar Dogo, da wa kike magana?"

"Da wanda ba ya katse ni."

"Ashe an shirya."

"Ba a shirya ba. Zaman haƙuri ne."

"Ɗakin nan kuwa ya yi daɗi. Gidana kamar cikin firji." Ta zauna a kan bencin aiki, ta sha shayi kofi biyu, ta tafi. Maganar murfi ba ta taso ba.

Ana haka, wata safiya Inna na zuba shayi sai ta ji ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ta ce ɓera ne. Ta sake ji. Ta yaye suwaita ta ɗaga murfi. Ga Yallaɓai, wuya a miƙe, ido biyu, ganye a ka, yana kallonta kamar ita ta makara.

Sanyi ko rabi bai yi ba.

"Koma," in ji Inna.

Bai koma ba.

Ta sa yatsa ta tura kan ciki. Ta ɗauke yatsa, kai ya fito. Ta kashe hita, ta buɗe taga, ta rufe akwati, ta fita ta ja ƙofa. Da ta dawo da rana ta tarar ya tura ganye gefe guda yana ta kartar katako. Ta kira Uwar Tagwaye ta kan katanga.

"Lallai kin tashe shi," in ji Uwar Tagwaye da ta leƙa. "Ya ji ɗumi ya ɗauka sanyi ya wuce."

"Na sani. Ta yaya ake mayar da shi?"

"Ni tagwaye na raina. In ɗaya ya farka, ranar ta ɓaci ke nan, ba mayarwa." Ta yi tunani. "Wa ya sani ban da ni da ke?"

"Ba kowa."

"To ai yana barci."

Haka aka tafi a kan yana barci. In Dogo ya bugo waya ya ce ya Yallaɓai, sai Inna ta ce yana inda yake. Ba ta yi ƙarya ba, a ganinta.

Sai dai kunkurun ya shiga tsaka mai wuya, bai koma barci ba, bai kuma tashi sosai ba. In ta kunna hita ya ɗan motsa ya zaga ɗaki, in aka ɗauke wuta, kuma ana yawan ɗaukewa, sai ya lafe a kusurwa ido rabi a rufe. Ta yanka masa kabeji, ya shinshina ya kau da kai. Ta fita cikin sanyin nan har kasuwa ta sayo latas, ita da kanta, da kuɗinta, ta ajiye masa a gaba. Ko kallo. Idanunsa suka faɗa, hancinsa ya fara ruwa, in ya ja numfashi sai ka ji wani ɗan fito siriri. Inna ta san wannan fiton. Ta ji shi a gidan nan bai daɗe ba.

Ranar hutun Dogo suka zo shi da Nas, da ledar lemo da sabon bargo. Kafin su shigo Inna ta mayar da kunkuru akwati, ta rufe, ta jawo ƙofar ɗakin baya. Ta manta Kafinta bai taɓa sa wa murfin sakata ba, don mai barci ba ya gudu. Ƙofar kuma ba ta kamawa.

Suka zauna a falo, kowa da rigar sanyinsa, magana na fita da hayaƙi.

"Inna, ina hitarki?"

"Tana ciki."

"Falon nan ai sai ya kashe mutum."

"Bai kashe ni ba."

Can aka ji ƙwas, kamar katako ya faɗi.

"Mene ne wannan?"

"Ɓera."

"Ɓeran nan babba ne," in ji Nas.

"Ya daɗe a gidan."

Dogo ya ɓare lemo ya miƙa mata. "Ya mutumin Baba?"

"Yana barci."

Ta faɗa ke nan, sai ga shi ya sako kai ta ƙofar falo. Bai yi sauri ba, ba shi da dalilin sauri. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗaya ya ajiye, da ganye manne a baya, ya ratsa gaban talabijin, ya zo daidai takalmin Dogo ya tsaya. Duk suka zuba masa ido har ya iso, kuma ya ɗau lokaci.

"Tafiyar barci yake yi," in ji Inna.

Nas ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Dogo bai yi dariya ba. Ya ajiye lemon.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Wa ya tashe shi?"

"Ni. Sanyi na ji yana ji."

Nas ta durƙusa ta ɗaga kunkurun, ta duba ido, ta duba hanci, ta kara shi a kunne. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan ba sai na karanta na dabbobi ba. Ƙirjinsa ya kamu. Ɗumi yake so wanda ba ya yankewa, dare da rana, har sanyi ya fita. A gidan nan ba zai kai ba, Inna."

"To kin ji," in ji Dogo. Muryarsa a ƙasa, bai ɗaga ba. "Mun yi magana. Ya farka. Ga mota a waje. Ki ɗauki na sawa, sauran ma zo daga baya."

Inna ta dubi kunkuru. Babu sauran abin ɓuya a bayansa, gaba ɗayansa bai fi faranti ba. Ta gyara zama.

"Dogo."

"Na'am, Inna."

"Ka goya babanka a baya, na gani. Ka kwana a kujera, na gani. Ke kuma 'yata, abin da kika yi masa, 'yar cikinsa ma sai haka. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Na yi ta neman abin da zan biya ku da shi. Amma ba da gidan nan ba. Ba zan je ba."

"Biya? Inna, wa ya ce ana bin ki?"

"Ba sai an ce ba."

"Ubana ne fa."

"Mijina ne kafin ya zama ubanka."

Dogo ya juya duk jikinsa ya dubi matarsa, don wuyan har yanzu. Nas tana shafa bayan kunkuru.

"Tun ran farko na gaya maka ba ta so," ta ce.

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ga shi ta faɗa."

Dogo ya ɗaga kai. Ya dubi silin inda ruwa ya taɓa zuba ya bar tabo, ya dubi taga mai tsagaggen gilashi da aka manne da salatif.

"In kika faɗi a banɗaki fa? Wa zai sani?"

"Uwar Tagwaye. Ba abin da ke faɗuwa a gidan nan ba ta ji ba."

"Inna, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ka bugo kullum da safe. Ranar da ban ɗauka ba, ka zo da motar, ba zan yi musu ba."

"Haka kika ce wancan karon."

"Wancan karon cewa na yi Allah ya kai mu. Yanzu na ce ba zan yi musu ba. Ka san bambancin."

Ya sani. Ya sauke numfashi, hayaƙi ya fita.

"Ɗakin kuma? Har labule an canza."

"Ka ce ɗumi ne da shi?"

"Ƙwarai."

"Ba a ɗauke wuta?"

"Akwai inji."

"To ga mai buƙata."

Dogo ya dubi kunkuru, kunkuru bai dube shi ba.

"Inna, kunkuru zan sa a ɗakin da na gyara wa uwata?"

"Ya girme ka a gidan nan. Kuma ba ya surutu, ba ya sa ido a girkin matarka. Da ni ce, da wata bai yi ba kun fara kuka."

"Ni na yarda," in ji Nas, da ɗan saurin da Inna ta lura da shi, ta kuma ajiye.

Inna ce ta haɗa masa kaya. Ta zubar da tsohon ganye, ta shimfiɗa suwaitar Kafinta a cikin akwatin, ta sa shi a kai, ta ƙulla sauran latas a leda. Dogo ya rungumi akwati zuwa mota ya ajiye a kujerar baya, Nas ta ja bel ta ɗaure. Uwar Tagwaye na bakin ƙofarta, hannu cikin hammata.

"Wa za a kai?"

"Yallaɓai," in ji Inna. "Ya samu wuri a sama."

Dogo ya tada mota, ya sake kashewa, ya fito. Ya koma cikin gida ya jawo hita daga ɗakin baya ya kai ɗakinta ya jona, ya shimfiɗa sabon bargon a gado, ya girgiza gadon ya ga bulon, ya ce zai zo da katako ran hutu. Inna ta ce babansa ma haka ya ce. Suka tafi.

Ta rufe ƙofa. Gidan ya yi shiru irin wanda bai taɓa yi ba, ko ƙaras babu. Ta leƙa ɗakin baya, ga wurin akwati a ƙasa, murabba'i mai tsabta a tsakiyar dusa. Ta tsaya a kai ta ɗan jima. Ba ta share ba, ta ja ƙofa.

Da safe waya ta yi ƙara. Ta bari ta ɗan yi, kada a ce zaman jira take.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Ga ni ka ji ni."

"Mutuminki ya ƙi gado, ƙarƙashi ya shige. Nas ta kai shi wurin likitan dabbobi, an yi masa allura. Ya ɗan ci kokwamba."

"Latas ɗin fa?"

"Bai taɓa ba."

"Da gangan ne."

"Inna, ke kin ci wani abu?"

"Na ci."

Ba ta ci ba. Da ya kashe, ta zauna da wayar a hannu, ta ga yanzu ƙarya ce zalla ta yi wa yaron, ba irin ta da ba mai ƙofar fita. Ta tashi, gwiwa na ƙara, ta shiga kicin ta ɗora tukunya.